Ƙyalli a Gindin Baƙin Mai

Babur ɗina ya girmi aurena. Tun ranar da ya zo hannuna tsoho ne. Fentin tankinsa ya koɗe, sunan da ke jikinsa ya goge. Ko bai goge ba, ni ba karantawa zan yi ba. Da shi nake ɗaukar kaya daga kasuwar Tudun Wada in kai wa masu shaguna. Buhun fulawa zuwa Gyallesu, jarkar man gyaɗa zuwa Tudun Jukun, katan-katan na taliya wajen masu abinci a unguwar Kongo. Shi ke ciyar da gidana.

Kafin babur, rami ne. Na yi shekaru a dajin yamma ina haƙar zinare. Wata rana ƙasa ta rufto mana. Ni an zaƙulo ni da rai. Waɗanda ke gabana ba a same su da rai ba. Na dawo Zariya da ɗingishi, da jakar tsummokarana, da ƙaramin kwanon ƙarfe mai faɗi wanda nake wanke ƙasa a ciki. Na tura kwanon ƙarƙashin gado, ban sake waiwayarsa ba.

Sana'a biyu na iya a duniya, rami da babur. In ɗaya ta mutu, ɗayar ce ta rage. Matata ta san haka. Ba ma zancen.

Juyen mai da hannuna nake yi. Ba rowa ba ce. A gareji, kafin ka sunkuya ka duba, an kwara tsohon man a cikin durom ya haɗe da na kowa. Ni kuwa so nake in ga abin da ya fito daga cikin nawa. Rami ya koya min wannan. Ƙasa ba ta faɗowa haka kawai. Sai ta fara turo ɗan yashi, siriri, yana zuba a wuyanka. Ranar da ta rufto mana, mun ji yashin. Ba mu san abin da yake faɗa ba. Tun daga nan, duk abin da ke aiki inda ido ba ya gani, ina son in duba abin da yake zubarwa.

Ranar Juma'a da hantsi nake yi, lokacin da dako ke ja baya. Sai in hau babur ɗin in je in sayo ƙosai in dawo, don man ya yi ɗumi ya saki jiki. In kafe shi a tsakar gida a kan ƙafarsa ta tsakiya. In kwance murfin sama don iska ta shiga. In tura abin tara mai a ƙarƙashi, in kwanta a kan buhu, in sa sifana a notin gindin inji. Juyin ƙarshe da yatsu ake yi, kuma duk saurinka sai man ya lashi wuyan hannunka. Da zafi. Na saba. In ya tsagaita sai in karkata babur ɗin gefe, in taka kik a hankali ba tare da na kunna makulli ba, sauran ya biyo. Akwai wata 'yar rariya a ciki, in ciro ta in wanke da kananzir. In mayar da noti. Ba a ɗaure shi da fushi, sai ya cinye haƙoransa. Sannan sabon mai, ta mazurarin da na yanka daga gorar ruwa. In ya shiga, kalarsa kamar zuma. In ya fito, kamar ruwan tawada.

Tsohon man ba ya kwana a gidana. Akwai wata tsohuwa da muke katanga ɗaya da ita, kowa Inna yake ce mata. Gara ta addabi azarar ɗakinta da ƙyauren akurkin kajinta, to da baƙin mai take shafe su. Da ta ji ƙarar sifana sai ka ji sallamarta.

"Ɗan nan, an tatsi saniyar?"

"An tatsa, Inna."

"To a miƙo min rabona tun da ɗuminsa."

A yankakkiyar jarka nake tarawa. Wani juye da na yi, ta ɗauke man har da jarkar, ta ce yanzu za ta dawo da ita. Ba ta dawo da ita ba. Da wani juyen ya zagayo, na riga na ɗumama inji, na duba ko'ina babu abin tarawa. Matata ta ce in na taɓa mata kwanon miya sai mun kai ga mai unguwa. Sai na tuna da na ƙarƙashin gado. Na jawo shi, na busa ƙura, na tura ƙarƙashin inji. Ya zauna daidai kamar don haka aka ƙera shi.

Man ya cika shi har leɓe. Na bar shi nan na gama sauran aiki. Daga baya na tsiyaye wa Inna a gora, ɗan kauri ya rage a gindi. Na zuba kananzir don in wanke. A nan ne hannuna ya yi abin da ban sa shi ba. Ya karkata kwanon, ya fara lilo da shi, gaba, baya, zagaye, yadda ake yi a bakin ruwa in ana raba ƙasa da zinare. Shekaru ban yi ba, amma hannu bai manta ba. Baƙin ya tafi. Wani laka mai ruwan toka ya bi bayansa. Can a ƙarshe, a wutsiyar lakan, sai ga ƙyalli. Ƙanana ƙwarai, ba su kai ƙwayar gero ba, ko kusa. Rawaya.

Na daɗe a tsugune.

Na kwashe su da bakin wuƙa na sa a ledar magani, na nufi wajen Baba makanike. Tsoho ne, a ƙarƙashin wata darbejiya yake aiki kusa da kasuwa, kuma irin babur ɗina ya fi kowa saninsa, don tare suka tsufa. Ya zazzage ledar a tafin hannu, ya matsa da ita cikin rana.

"Daga ina?"

"Daga cikinsa, Baba."

Ya yi tsaki. "Tagulla ce. Akwai wasu zobba na tagulla a ciki da ƙarafa ke juyawa a kansu. In suka fara cinyewa, haka suke zuba. Tayar min da shi."

Na tayar. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Ya matsa nan, ya matsa can.

"Muryarsa lafiya lau," ya ce. "Fitsarinsa ne bai yi min ba."

"Me za a yi?"

"A buɗe. Amma ka ji ni da kyau, ɗan rami. In na buɗe, ban yi maka alkawarin rufewa ba. Kayan irin wannan sun ƙare a Sabon Gari. Ko Kano ka je sai dai su yi maka dariya su ba ka kujera."

"In ba a buɗe ba fa?"

"Wata rana zai tsaya maka a tsakiyar titi da buhu a baya. Ko gobe, ko baɗi. Allah ne masani."

Ban bari ya buɗe ba. Na hau na dawo gida a hankali kamar na ɗauko ƙwai.

A cikin kwanakin ne wani abokina na rami ya zo Zariya, ya biyo ta gidana. Shi ne ya kama ƙafata ya ja ni waje ranar da ƙasa ta rufta, don haka ba na iya hana shi tabarma. Ya ci tuwo, ya sha ruwa, ya kalli babur ɗin ya yi dariya.

"Har yanzu wannan gyatumar kake turawa? Mutumina, an buɗe sabon wuri. Masu haƙa sun yi yawa, masu wanki ne babu. Hannu irin naka ake nema. Ba sai ka shiga ƙasa ba."

"Haka aka ce min wancan karon."

"To wancan karon ne. Bayan girbi mota za ta tashi. In ajiye maka wuri?"

Na ce masa babur ɗin ba shi da lafiya. In ya mutu kafin girbi, ya ajiye. Matata tana bakin murhu, ta ji komai. Bayan ya tafi ta zo ta ɗauke kwanukan abinci. Ba ta kalle ni ba.

"Malam, in za ka koma, ka fara raka ni gidanmu da yaran. Ba zan sake zaman jiran a kawo min labari ba."

Na tashi na naɗe tabarmar.

Abin da ya dame ni a lokacin ba tsoro kaɗai ba ne. Abin bai zauna min a kai ba. Kullum ina kan babur ɗin, kunnena na kan inji. Giya na shiga sumul. Kik bai canza nauyi ba. Bututun salansa ba hayaƙi. Na ɗora masa buhu biyu na hau tudu, ya hau yana gunaguninsa na kullum. Yaya abu zai riƙa cin kansa daga ciki bai ko yi tari ba?

Ban jira lokacin juye ya yi ba. Man bai gama baƙi ba na sake kwance noti. Kwano ɗaya, kananzir ɗaya, lilo ɗaya. Ƙyallin ya sake fitowa. Amma bai kai na farko yawa ba. Wannan ya ƙara ɗaure min kai. Ciwo in yana ci gaba, ƙaruwa yake yi.

Na ɓalle maganaɗisu daga bayan sifikar wata matacciyar rediyo, na kai shi kusa. Lakan mai ruwan toka ya miƙe tsaye ya manne masa kamar gashin baki. Ashe garin ƙarfe ne. Rawayan bai motsa ba. Wannan bai gaya min komai ba, don tagulla ma ba ta bin maganaɗisu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ƙyallin ke zama a kwano. Komai ya wuce ya bar shi a baya. Ka girgiza, ya noƙe. Ka karkata, ya yi kamar bai ji ba. Na san abu ɗaya mai wannan taurin kai. Amma me zai kawo shi cikin babur?

Na koma wajen Baba na ce ya ba ni tagulla ta gaske in gwada. Ya tono wani tsohon zobe daga cikin tarkacensa, ya goga min garinsa a takarda da zarto.

"Yanzu kuma likita ka zama?"

"So nake in gani."

"Gani ba ya gyara inji."

"Na sani, Baba."

A gida na zuba garin Baba a kwano tare da nawa, na sa kananzir, na yi lilo. Na Baba ya yi gaba, yana yawo, yana walƙiya, yana bin ruwa duk inda ya nufa. Nawa ya zauna a baya. Suka rabu gida biyu a gaban idona.

Saura wuta. Na ɗauki cokali, na sa na Baba a gefe ɗaya, nawa a ɗaya gefen, na ɗora a kan garwashin kurfoti ina fifita.

"Cokalin shayina ne fa wannan," in ji matata.

"Zan wanke."

"Haka ka ce da wuƙar albasa."

Amma ba ta tafi ba. Ta tsuguna kusa da ni da mafici a hannu, ta karɓi fifitar. Cokalin ya yi ja. Muka sauke, muka jira ya huce. Garin Baba ya koma baƙi ƙirin kamar toka. Nawa yana nan yadda yake. Har ya fi da haske.

"Mene ne?" ta ce.

"Zinare."

"A cikin babur?"

"Abin da nake tambaya ke nan."

Da na gaya wa Baba, dariya ya yi har sai da ya ajiye sifana ya riƙe ciki. Masu jiran gyara suka taso.

"Jama'a ku zo ku ga mai arziki! Babur ɗinsa zinare yake fitsari! Kai ɗan rami, ka bar dako mana. Ka ɗaure shi a turke, ka riƙa ba shi dusa kana tatsa safe da yamma."

Wani ɗan acaɓa ya ce shi dama ya taɓa jin cewa injunan da, mutanen Japan na sa musu zinare a ciki, shi ya sa ba sa mutuwa. Wani ya ce a'a, aljanun rami ne suka biyo ni gida, in nemi malami. Wani ya tambaye ni ko zan sayar. Baba ya bari suka gama. Sannan ya sake karɓar ledar ya duba, wannan karon ba dariya.

"Na buɗe irin wannan inji tun ba ka da gemu," ya ce. "Ƙarfe ne, da alminiyon, da tagulla. Babu zinare. In wannan zinare ne, ba daga cikinsa ya fito ba. Ka je ka nemi inda ya fito."

Na nema. Na zargi sabon mai, na tace shi a farin ƙyalle, babu komai. Na zargi kananzir. Na zargi ƙasar tsakar gidanmu, har na ɗebi kaɗan daga inda nake kafe babur na wanke a bokiti. Yashi ne da kashin kaji. Matata ta ce in na fara haƙa rami a gidan haya, ita ba ta san ni ba.

Masara ta bushe a gonakin bayan gari. An fara karya dawa. Abokina ya bugo waya ya ce direba na tambayar mutum nawa ne.

Wata safiya Inna ta yi sallama, riƙe da yankakkiyar jarkata. Ashe kajinta ke shan ruwa a ciki duk tsawon lokacin nan.

"Ga kayanka, ɗan nan, kada ka kai ni ƙara. Yanzu a me kake tara min?"

Matata ta ɗauko kwanon daga jikin bango don ta nuna mata. Na jingine shi ne a nan bayan wankin ƙarshe, rana ta busar da shi. Ta juya shi a hannu, sai ta tsaya.

"Malam, mai ai baƙi ne ko?"

"Baƙi ne."

"To wannan jan da ya zubo daga leɓen kwanon fa?"

Na karɓa. Bakin kwanon naɗaɗɗe ne, maƙeri ya lanƙwasa ƙarfen ya zagaye don kada ya yanki hannu. Daga ƙarƙashin naɗin, wani siririn layi ya gangaro ya bushe. Na sa bakin sukundireba na ɗaga leɓen kaɗan. Ƙasa ta zubo a tafina. Ƙasar Zariya ja ce, amma ba irin wannan ba. Wannan mai ruwan hanta ce, mai santsi. Na shafa ta a yatsa. Na kai hanci. Ko ta cikin warin kananzir na gane ta. Ita ce ta cika min baki da kunne ranar da aka ja ni waje.

Shekarun da na yi ina wanki, laka na shiga cikin naɗin yana bushewa, da ɗan abin da ya ɗauko. Ruwan sanyi bai taɓa fito da shi ba. Sai da mai mai zafi ya cika kwanon har leɓe ya jiƙa shi, kananzir ya biyo baya ya kwance shi. Na murza ƙasar a tafina na fita cikin rana. Ga su nan, ƙanana, suna kallona.

Inna ta leƙa. "Me kuka gani ne kuka yi shiru kamar an yi mutuwa?"

"Ba a yi ba, Inna," in ji matata.

Duk da haka ban yarda ba sai na gani. Na hau babur na zaga har Kongo na dawo, na kafe shi, na tura jarkar Inna a ƙarƙashi. Matata da kanta ta miƙo min wani tsohon farantin tangaran, fari, wanda ya tsage a gefe. A ciki na yi wankin. Baƙin ya tafi. Lakan toka ya biyo, ɗan kaɗan. Bayansa farin faranti kawai. Na sake lilo. Fari.

Na kai wa Baba maganaɗisun da gashin bakinsa na toka. Ya shafa a yatsa.

"Wannan tsufa ne. Ni ma ina zubar da irinsa. Ka riƙa yi masa juye a kan kari, kada ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Zai kai ka inda za ka." Ya miƙo min. "To, saniyar ta daina ba da nono ke nan?"

"Ta daina."

"Madalla. Da ɓarayi sun hana ka barci."

Abokina ya sake bugowa ana jibi za su tashi.

"Ya mutu?"

"Bai mutu ba."

"To in ajiye wurin ko in bayar?"

"Bayar."

Ya ce in gaida iyali. Na ce Allah Ya tsare, ya riƙa kula da yashi in ya fara zuba a wuya. Ya ce ya sani.

Ƙyallin da na tara duka bai rufe gindin murfin kwalba ba. Matata ta ce ko ɗan kunnen sauro ba zai yi ba. Na ɗiga gam a jikin tanki, daidai inda sunan ya goge, na barbaɗa su a kai. In rana ta faɗo a wurin sukan yi ɗan haske. Masu shago sun ɗauka fenti ne.

Rabin leɓen kwanon ban buɗe ba. Na san akwai saura a ciki. Na miƙa wa Inna shi a madadin jarka, yanzu kajinta ke shan ruwa a ciki. Washegari na ɗaure buhun fulawa a baya, na taka kik, ya tashi a bugu na farko. Na nufi Gyallesu.

Har yanzu duk juyen da na yi sai na wanke gindin man a farin faranti na duba. Wata rana tagullar gaske za ta fito. Bana dai ba ta fito ba.